Ranar da Iya Abu Ta Hau Keken Gwaji

Har gobe ban manta da ranar da wata tsohuwa ta hau keken gwajinmu ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sashen gashin ƙashi da motsa jiki na wani asibiti a Daura.

Likitan yara ya turo mana Sagiru, ɗan shekara goma daga Baure. Da ciwonsa aka haife shi. Wata 'yar halitta da ke saman ƙoda ba ta samar da sinadaran da ke riƙe gishiri a jiki su kuma taimaka masa jure wahala, don haka kullum sai ya sha magani. Tun da ya taɓa suma yana jariri, kakarsa Iya Abu ta hana shi gudu. Ƙwallo sai dai ya hango ta kan katanga. Likita yana so a auna ƙarfinsa, ko Iya za ta sakar masa mara.

Ƙa'idar aikin ba wuya: yaro ya hau keken da aka kafe a ƙasa ya yi ta tuƙawa, muna lura da bugun zuciyarsa da numfashinsa.

Iya ta zagaya keken ta ce, "Ɗan nan, ina za shi?"

"Ba inda za shi, Iya."

"To wahalar banza za ku ba angona? In dole ne, ni zan tuƙa masa, ku ce shi ne."

Na yi bayani har yawuna ya ƙafe. Na kira likita ya raba mu, shi kuwa sai cewa ya yi, "Bismillah, Iya." Na ji kamar in nutse.

Ta tattare zani, ta ci ɗamara da gyale, ta haye. Ba a jima ba sai haki. Tana salati, tana cewa in riƙe keken kada ya ƙwace ya shiga kasuwa da ita. Sagiru ya yi dariya har da hawaye.

"Sauko amarya, kin tsufa," in ji shi.

Ya hau, ya yi ta tuƙi, gumi na zuba, zuciya lafiya lau, sai da muka ce ya isa haka. Likita ya ce wa Iya kada Sagiru ya fasa magani, ya riƙa shan ruwa, in zazzaɓi ko amai ya zo a garzayo da shi. Ban da wannan, a bar shi ya buga ƙwallonsa.

Idon Iya ya ciko. "Ashe ni na zaunar da shi," ta ce. Wallahi ta ba ni tausayi.

Ku sababbin ma'aikata, in an kawo yaro kada ku tsaya a kansa kaɗai. Wanda ya riƙo hannunsa ma ba shi da lafiya, kuma shi ba wanda ya rubuta masa magani.