Wayar da Ba Ta Ƙone Ba

A Ƙofar Dumi akwai wani mutum da in ya shiga gini sai ya ɗaga kai ya dubi silin kafin ya yi sallama. Mika'ilu mai waya ke nan. Wasu na cewa girman kai ne, wasu na cewa taɓuwa ce, kuma duk ba su san komai ba.

Ɗan maƙera ne, amma tun yana saurayi ya ce zafin maƙera ya ishe shi, ya bi Oga Nnaemeka mai shagon kayan lantarki a hanyar Shadawanka. A hannunsa ya koyi aikin ƙararrawar gobara ta manyan gine-gine, da irin wayar da ake ja mata. Ja ce wayar, cikinta zaren gilashi siriri kamar gashi, haske ke gudu a ciki yana kai saƙo, an naɗe ta da abin da wuta ba ta saurin ci. Mika'ilu yana ji da wayar nan. In ya fara yabonta a majalisa sai an ce masa, "Malam, ko aurenta za ka yi ne?"

Aikin da ya fi alfahari da shi na wani sabon benen shaguna ne a cikin gari. Kowane shago ya maƙala masa ɗan farin kwano a silin mai shinshinar hayaƙi, ya ja wayar har ɗakin masu gadi. Shi ya yi ruwa ya yi tsaki har ƙanwarsa Saudatu ta samu shago a sama, can ƙurya.

Saudatu turaren wuta take sayarwa, kuma turaren wuta ba a sayar da shi da baki. Sai an zuba garwashi a kasko, an barbaɗa, mai saye ta shaƙa ta lumshe ido. Da hayaƙi ya tashi sai kwanon ya ji, ƙararrawa ta ɗauka, bene ya watse, mata na gudu da takalma a hannu. Maƙwabta suka fara zagin ta a fuska.

"Yaya, don Allah ka cire min kwanon nan," in ji ta. "Zai kore ni daga shagon."

"Ba zan cire ba. Ki riƙa kunnawa a baranda."

"Baranda iska ke kwashe ƙamshin!"

Ya ɗauki hularsa ya fita. Bayan ɗan lokaci ƙorafi ya ɗauke, shi kuma ya ɗauka ta ji maganarsa.

Wata Juma'a maza duk sun tafi masallaci, Saudatu ta ja ƙofar shago ta yi salla ta kishingiɗa. Garwashin kasko ya faɗa kan buhun itacen turare. Ƙararrawa ba ta yi ƙara ba sai da hayaƙi ya cika shagon ya fito baranda. Da aka ɓalle ƙofar wuta ta ci rabin silin, ita kuwa Saudatu ko gefen zaninta wutar ba ta taɓa ba. Hayaƙi ne ya tafi da ita tana barci.

Mika'ilu bai yi kuka ba. Ya ɗauki makara, ya zauna kan tabarma, aka yi ta cewa Allah ya jiƙanta yana cewa amin. A kawo tuwo ya ci, a ɗauke kwano bai san mece ce miyar ba. Ana cikin zaman makoki magana ta fara yawo a lungu, wai wayar da yake ta kuri da ita ba ta yi aiki ba. Masu kiransa aiki suka daina. Wannan bai dame shi ba. Abu ɗaya kawai ya tsaya masa a ƙirji, ko aikin hannunsa ne ya kashe ƙanwarsa.

Oga Nnaemeka ne ya zo ya tashe shi wata safiya. "Mika, tashi mu je. Ni ban yarda waya na ya lalace ba."

Gwajin ba wuya. Ana haska wata 'yar tocila mai jan haske a bakin wayar, in zaren bai tsinke ba hasken zai fito a ɗaya bakin. Oga ya tsaya ɗakin masu gadi, Mika'ilu ya hau sama. Wayar ta yi baƙi ƙirin a inda wuta ta lashe ta. Ya goge bakinta ya haska.

"Ya fito!" Oga ya ƙwala ihu daga ƙasa. "Haske ya fito, Mika!"

Ya jira ya ji daɗi, bai ji ba. Ya jingina tsani ya hau wajen kwanon da ke kusa da ƙofa. Baƙar leda ce a narke ta manne masa ruf, an ɗaure ta da ƙyallen atamfa. Mu dai babu abin da zai dame mu da ba za mu ɗaura masa leda mu huta ba. Ƙyallen ya babbake, amma ya gane koren ganyen da ke jikinsa, don shi ya saya mata atamfar da ƙaramar salla.

Oga ya hawo yana haki, ya gani, ya ce, "Kawo mu nuna wa mutane. Sunanka zai wanku."

Mika'ilu ya kwance ƙyallen ya sa a aljihu. "Bari in je gida tukuna, Oga."

Ya tarar da Inna a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

"Kai, an ce kun je wajen. Ka gaya min gaskiya, wayarka ce?" Ba ta ɗago ba. "Don ni na san yarinyar nan. Tun tana rarrafe ba ta taɓa ƙin jin maganarka ba. Duk abin da ka ce ta yi a shagon nan ta yi shi. Shi ne kaɗai abin da nake riƙe da shi."

Hannunsa na cikin aljihu, yatsunsa na kan ƙyallen. Ya dubi yadda wuyanta ya rame, da yadda take tsince shinkafa mai kyau tana zubarwa tare da tsakuwa.

"Wayar ce, Inna."

Ta ajiye faifan shinkafar.

"To. Allah ya riga ya rubuta. Na yafe maka."

"Na gode, Inna," in ji shi, ya zare hannunsa daga aljihu ba komai a ciki.