Fuskar Inna a Bangon Gidan Burodi

Wata Asabar ce cikin watan Afrilun 1972, ina tsugune bakin famfo ina kankare tukunyar tuwon jiya, sai ga Mama Nkechi, maƙwabciyarmu mai sayar da manja, ta faɗo gidan tana haki. A kasuwa ta koyi Hausa, shi ya sa ko asiri za ta faɗa sai an ji shi a layi na uku. "Jummai! An zana mamanki! Wallahi ita ce, a bangon tsohon gidan burodi, can gangaren Coal Camp!" Ta ɗaga kai ta dubi sama, ni ma na duba. Hadari ya fara haɗowa ta bayan tsauni.

Shekarata goma a lokacin, kuma ban san fuskar uwata ba. A Inugu aka haife ni. Ina 'yar shekara huɗu muka gudu Kano daga mu sai kayan jikinmu, ba a rufa shekara ba Inna ta rasu. Hotonta ɗaya tak a duniya, yana cikin akwatin da muka bari, da muka dawo bayan yaƙin basasa kuwa babu akwatin babu labarinsa. Abin da muka tarar kawai keken Baba ne, wanda Mama Nkechi ta rataye a rufin ɗakinta duk tsawon shekarun. In na tambayi Baba kamannin Inna sai ya ce, "Mutuniyar kirki ce," sai ka ce kirki hanci ne ko ido. Abin yana cin raina ƙwarai, amma ba a ja wa Baba magana.

Zanen bango kuwa a shekarar ya ɓullo mana, kuma har yau ba wanda ya san mai yin sa. Da gawayi da farar ƙasa yake aiki, a bangayen da harsashi ya huda. Gari zai waye a ga mahauci yana gudu akuya na bin sa, ko wani sabon mai kuɗi da kwat yana tura motarsa, ramin harsashin ya zama cibiyarsa. Wasu sun ce tsohon soja ne, wasu sun ce mahaƙin kwal ne, matan gidanmu suka ce aljani ne da ya yi boko. Ba zanen da ke wuce kwana biyu. In ruwan sama bai wanke shi ba, Kawu Sale zai wanke.

Kawu Sale ƙanen Baba ne, tare suke sayar da albasa a kasuwar Ogbete, kuma shi ya naɗa kansa sarkin gogewa. Ya ce zanen mai rai haramun ne, don haka kullum yana tafe da buta da tsumma. Sai dai kafin ya goge, sai ya goya hannu a baya ya ƙare wa abin kallo, ya ce kunnen bai fita ba, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya yi istigfari ya watsa ruwa. Ranar da aka zana shi kansa, da butar da komai, kwana uku ya bar zanen yana jan mutane su zo su ga rashin kunya.

Ni kuma farautar zanen nan ta zama sana'ata, duk da Baba ya kafa mini doka a kanta. Duk ranar da ya tafi tasha tarbar motar albasa ya bar keken a gida, sai in ajiye tiren gyaɗata wurin Mama Nkechi in fizge shi. Keken ya fi ƙarfina, ba na kaiwa kan sirdi, sai dai in zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sandar, in rataye a gefe kamar an shanya wanki. A haka na san lungunan garin fiye da kullin zanina. Yaran unguwa su ne rediyona, da Hausa da Ibo da Turancin kasuwa suke sanar da ni inda sabo ya fito.

To, ranar nan Baba ya fita tun asuba, keken na jingine. Abin takaicin shi ne Kawu Sale yana ƙofar gida yana asuwaki, kuma ya ji ihun Mama Nkechi kamar yadda duk layin ya ji. Ina kallo ya tofar, ya ɗauki butarsa, ya kama hanya. Na yar da tukunyar na fizgi keken, ko hannu ban ɗauraye ba.

'Yan kwanaki ke nan da mayar da tuƙi hannun dama a ƙasar, ni kuwa ƙafafuna a hagu suka yi karatu. Kaina ya ce dama, ƙafa ta ce hagu, sai na raba musu gardama na bi tsakiyar titi. Direbobi suka yi ta danna ham suna zagin iyayena, ni kuma na maido wa wani da Ibonsa har da ƙari. Na wuce Kawu Sale kamar iska, na ji yana ihu, "Ke! Keken wa?" A gangaren ne na tuna burkin baya ya daɗe da yin ritaya. Na kauce wa mai amalanken doya, na kauce wa wata tsohuwa, kwata ce kawai ta ƙi kaucewa. Na fito takalmi ɗaya, gwiwa na jini, kan keken yana kallon gefe, na ƙarasa da gudu ina jan sa.

Mutum biyar ko shida ne tsaye gaban bangon, na gaba da babbar riga. Tun daga ƙeya na gane shi. Ashe labarin ya iske Baba a tasha, ya bar albasar ya taho. Ya dubi keken, ya dube ni da baƙin ruwan kwata har gira, na fara karanta duk addu'ar da na iya. Matsawa kawai ya yi ya ba ni wuri.

Mace ce zaune gaban tanda tana juya waina, ɗankwalinta ya zame, ta karkata kai tana yi wa wani dariya. Tana da wushirya, da tsaga biyu a kowane kunci. Ina tsaye ban ko ƙifta ba sai ga Kawu Sale ya iso yana numfarfashi. Ya goya hannu a baya ya daɗe yana nema, bai sami abin kushewa ba. Can ya ɗaga butar a sanyaye ya ce, "Yaya, ai ka san hukuncin."

"Ajiye butar nan, Sale," in ji Baba. "Ruwan Allah na tafe, ba sai naka ba."

Bai rufe baki ba aka fara yayyafi. Baba, mutumin da ban taɓa ganin ya yi gaggawa ba, ya ware hannun rigarsa ya yi wa zanen rumfa, ya jawo ni ƙarƙashi. "Duba da kyau, Jummai, fara daga ido," ya ce. "Goshin ne ya kuskure, nata ya fi haka faɗi. Amma dariyar ita ce." Ruwan ya ƙarfafa, tandar ta fara tafiya, sannan hannuwan, baƙi da fari suna gangarowa kan ƙafafunmu. Fuskar ce ta ƙarshe, kuma sai da ta tafi Baba ya sauke hannu. Muka koma gida jiƙe sharkaf, Baba na tura keken, Kawu Sale na bayanmu yana fyace hanci yana cewa mura ce.

Yanzu na girmi Inna nesa ba kusa ba. Jikokina suna ɗaukar hotona ko ina hamma, su tara a waya, ba wanda ke komawa ya duba. Da na je Inugu bara na nemi bangon, na tarar da bene mai shaguna a wurin, ba kuma wanda ya san an taɓa gasa burodi a nan. Wani lokaci nakan so a ce mai gawayin nan yana raye, in gaya masa abin da ya ba ni. Sau ɗaya na ga uwata da wayona, kuma na dube ta da kyau.