Salmanu Najjar da Fiffiken da Ya Hau Lori

A Mai Wurno, garin da ke kudu da Khartum, idan aka ce najjar, wato kafinta, ba sai an ƙara suna ba, Salmanu ake nufi. Rumfarsa tana kan gangaren da ake bi a sauka kogi, gindin wata tsohuwar bagaruwa. A garin aka haife shi. Kakansa yana cikin waɗanda suka taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, ubansa kuwa masassaƙin kwale-kwale ne, a hannunsa Salmanu ya koyi riƙon gizago. Gajere ne kakkaura, mai yawan dariya, kuma ba ya aiki sai da waƙa a bakinsa, ko da yake duk garin an yarda muryar ba ta da daɗi.

Lokacin da aka buɗe sabbin gonakin auduga a Managil, wajen ƙarshen shekarun hamsin, ya bi ayarin masu neman aiki ya yi ta kafa ƙofofi da tagogi. A can ya fara ganin jirgin sama kusa da kusa, irin ƙananan nan masu feshin magani da ke wucewa dab da kan auduga. Ya dawo gida da sabon zarto da labarin jirgi, ya auri Barakatu, wadda ke toya kisra, irin wainar dawa mai faɗi, a bakin kasuwa, ya ci gaba da yin gadaje da ƙofofi da allunan makaranta. Yana da wata ɗabi'a guda. Duk katakon da ya gani sai ya shafa shi da tafin hannu, ko a gidan makoki ne. Barakatu takan ce ranar da aka je neman aurenta ma ƙyauren gidansu ya fara gaisarwa kafin mahaifinta.

Cikin sanyin shekarar 1969 ɗan yayarsa Hadizatu ya zo hutu. Abdussalami ke nan, wanda ya yi karatun injiniya a Khartum, ya ƙaro a ƙasashen waje, ya dawo yana koyarwa. Mutanen gari Muhandis suke ce masa, wato injiniya. Ya iske kawun nasa a rumfa ana shan jabana, wato gahawa, aka gaisa, aka tambayi iyali, sannan ya ce, "Kawu, fiffike nake so ka sassaƙa mini."

Salmanu ya ajiye kofi. "Na shamuwa ko na angulu?"

"Na jirgi. Amma ba irin na masu feshi da ka gani a Managil ba. Nasu a miƙe yake. Manyan jiragen yanzu fikafikansu a karkace suke, sun kwanta baya, don su iya gudu."

Abdussalami ya share garin katako da ƙafa, ya zana siffar a ƙasa da tsinke. Ya tambayi kawun ko ya taɓa lura ruwan da ke bin jikin kwale-kwale bai kai na nesa da shi gudu ba. Salmanu ya ce wannan ko ɗan masunta ya sani. Abdussalami ya ce to iska ma haka take. Wadda ke manne da jikin fiffike a hankali take tafiya, kaurinta bai wuce na ɓawon albasa ba. Idan fiffiken a karkace yake, sai ta ƙasan nan ta riƙa zamewa gefe, ta samanta kuma tana wucewa gaba abinta. Tunda ba hanya ɗaya suka nufa ba, sai su fara murɗewa kamar igiya.

"Me ke fara murɗa su?" in ji Salmanu.

"Abin da bai kai ya kawo ba, Kawu. Ɗan kaushi a goshin fiffiken, ko ƙura, ko girgiza. Daga nan murɗin ya yi ta girma, har iskar da ke kwance lumui ta hargitse. In ta hargitse sai ta riƙe jirgi, ya sha mai da yawa. Ɗalibaina a littafi kawai suke karantawa. So nake su gani da ido."

"Iska ake gani da ido?"

"In ka yi mini fiffiken, ni zan nuna maka ita."

Wannan magana ita ta kama Salmanu. Ya ture aikin wani gado gefe, mai gadon ya yi ta zarya har ya haƙura. Ya yi haƙarƙarin fiffiken da icen gawo saboda rashin nauyi, ya lulluɓe shi da siririn katako mai lanƙwasuwa da suka sayo a Sennar. Tsawonsa ya ɗara tsayin mutum, faɗinsa ya kai na ƙyauren ɗaki. Suka shafe shi da baƙin fenti. Yara da manya suka riƙa tsayawa kallo. Wani ya ce kifi ne, wani ya ce makara ce ta ƙaton mutum, Salmanu ya ce duk wanda ya sake faɗin haka shi za a fara aunawa.

Da fenti ya bushe Abdussalami ya ce saura kafur. Za a narka shi a fetur, a fesa a jikin fiffiken da famfon maganin sauro. Fetur zai tashi ya bar farin kafur. Inda iska ta hargitse za ta lashe farin da wuri, baƙi ya bayyana, inda take kwance kuwa farin zai daɗe. Kafur ɗin kantin gari bai isa ba, sai Salmanu ya shiga gida yana sosa ƙeya.

"Barakatu, wanda ke cikin akwatin zannuwanki fa?"

"Malam, in asu ya cinye mini tufafi, fiffiken zan ɗaura?"

Ta dai ba shi, har ta zagaya maƙwabta ta karɓo nasu, bisa sharaɗin za a tafi da ita ta ga abin da za a yi da shi.

Iskar kuwa gudun mota ne zai samar da ita. Wanda zai ja su shi ne Audi, direban da ke ɗaukar dawa zuwa Sennar a lorinsa. Suka kafa fiffiken a tsaye bisa wani dogon katako da ya zarce kan lorin, don ya sha iska mai tsabta, suka karkatar da shi baya, suka ɗaure da igiyoyi. Da hantsi suka hau wata miƙaƙƙiyar hanya a gefen babbar tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki. Audi ya taka mota. Barakatu tana gaba tana salati, Salmanu da Abdussalami suna baya sun rungume ƙarfe.

Da aka tsaya, babu abin gani. Farin ya tafi gaba ɗaya tun daga goshi, fiffiken ya koma baƙi ƙirin, ga ƙura, ga gawarwakin ƙwari. Fuskar Abdussalami ta faɗi. Barakatu ta leƙo ta ce, "To, ina iskar?" Audi ya tuntsire da dariya har da dukan sitiyari.

A hanyar komawa suka tattauna. Abdussalami ya ce rana ta yi, iskar gari ta riga ta tashi, kuma lorin yana tsalle da yawa. Salmanu ya shafa goshin fiffiken ya ce shi ma nasa aikin da saura, yana jin sawun burushi a ƙarƙashin yatsunsa. Audi ya ce in tsalle ne matsalar, a loda masa buhunan yashi, a rage wa tayoyi iska, kuma ya san wani wuri da aka daddaɓe kwanan nan.

Salmanu ya koma rumfa da fiffiken. Ya goge da takardar yashi mai laushi, ya sake fenti, ya goge da toka da ruwa, ya bi da tsohon rawaninsa. Ya yi ta yi har mutum yana ganin haƙoransa a ciki. Matan da ke saukowa ɗibar ruwa suka mai da shi madubi, yana korarsu suna dawowa. Abdussalami kuma ya kawo dabarar rufe goshin da takarda, a ɗaura mata zare, sai mota ta kai gudu a fizge, don kada ƙwari su ɓata shi tun a farkon tafiya.

Suka fita bayan sallar asuba, gari tsit, ko ganye ba ya motsi. Audi ya ɗauki hanya a hankali, ya yi ta ƙara wuta har lorin ya daidaita yana gurnani. Abdussalami ya fizge zare, takarda ta yi sama. Suka yi tafiya mai nisa, sanyi yana yanka kunne, warin kafur ya cika hanci. Da rana ta fito sosai Audi ya tsaya, suka sauko da fiffiken suka jingina shi a jikin mota.

Goshin fari fat. Bayansa kaɗan sai ga siraran layuka, fari da baƙi, fari da baƙi, jere reras kamar kunyoyin gona, duk sun ɗan karkata gefe guda. Can gaba layukan suka ƙare a wani baki mai tsini-tsini irin haƙoran zarto, daga nan zuwa ƙarshe baƙi ne.

Abdussalami ya nuna da yatsa. "Ga su nan, Kawu. Kowane layi igiya ɗaya ce ta iska. Nan kuma inda suka tsinke."

Salmanu ya durƙusa ya kai fuskarsa kusa. Ya ɗaga hannu zai shafa, ya fasa. "Wannan duk iska ce ta yi? Ba wanda ya sa mata hannu?"

"Ba kowa."

"Allahu Akbar. Ashe ita ma huɗa take yi." Sai ya miƙe, ya kama hannun Audi, ya shiga taka rawa a kan hanya yana rera waƙar nan tasa marar daɗi. Barakatu ta rangaɗa guɗa, wasu masu tsinkar auduga suka baro gona a guje suna zaton an yi haihuwa a mota.

Ita ce ma ta hango wani abu a ƙasan fiffiken. Wani ɗan ƙwaro ya maƙale a goshi, bayansa kuma baƙi ya buɗe kamar bakin mashi, ya cinye layukan da ke wurin. Abdussalami ya ce abin da yake faɗa ke nan, ƙwaro ɗaya ya isa. Salmanu ya ce shi sai ya gwada da kansa. Washegari ya manna ƙwayar yashi da ƙaro a goshi, ya manna wata can baya. Ta goshin ta yi ɓarna mai faɗi, ta bayan kuwa da ƙyar aka ga sawunta. Rana ta gaba suka miƙar da fiffiken tsaye sak, layukan ba su fito ba, farin ya zarce har kusan tsakiya. Kowace safiya da abin da za a gwada, kowace safiya kuma lorin yana ƙara cika da 'yan rakiya, har limamin unguwa ya bi su sau ɗaya ya dawo da mura. Abdussalami ya ɗauki hotuna da yawa. Da hutu ya ƙare aka naɗe fiffiken a cikin barguna, aka sa shi a jirgin ƙasa daga Sennar zuwa Khartum, inda ɗalibai suka yi shekaru suna karatu a kansa.

Salmanu ya koma kan gadajensa, amma hirar rumfa ta canza. Duk baƙon da ya zauna shan jabana sai ya ji yadda iska ke murɗewa, da zane a ƙasa, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Akwatin Barakatu kuwa, Abdussalami ya aiko mata da kafur da turmin atamfa daga birni.

A 1976 Abdussalami ya biya wa kawunsa da matarsa kujerar Makka ta jirgin sama. Salmanu ya roƙi wani ɗan kasuwa daga Rusairis suka yi musayar wuri, ya samu taga daidai fiffike. Tun daga Khartum har Jidda goshinsa yana manne da gilashi. Da suka sauka ya nufi ƙarƙashin fiffiken da hannu a miƙe, wani ma'aikaci ya tare shi cikin ladabi ya nuna masa motar fasinja. Ya shiga yana dariya, ya ce wa Barakatu ko ba komai ya ga kawunan ƙusoshin, an binne su daidai da jiki, wanda ya yi aikin ya san abin da yake yi.

Bayan sun dawo ya ɗauki almajiran sana'a guda biyu daga cikin 'ya'yan maƙwabta, ya bar musu manyan ayyuka, shi kuma ya koma sassaƙa ludaya da akusa. Yakan zauna a bakin rumfa da hantsi, ƙafa a miƙe, Alhaji Salmanu, yana fiƙe ice yana amsa gaisuwar masu sauka kogi.