Motocin Kawu Bakwai

Na yi shekaru ina da rumfar caji da tura fina-finai a bakin tashar Jega. Mutum ya miƙo waya ya ce, "Zuba mini," ni kuma in zuba: wa'azi, waƙa, fim, gem, duk abin da ya samu. In wayar ta ce babu wuri, sai in goge na da in sa sabo, ba na ko tambaya. Haka kowa ke yi a layinmu, hannu ya saba har ba ya jiran kai. Ban taɓa ɗaukar gogewa a bakin komai ba, sai da abin ya faɗa kan motocin kawuna guda bakwai.

Kawu yayan mahaifiyata ne, bakanike, garejinsa na bakin titi a Maiyama. Duk ranar kasuwa yakan shigo Jega sayen kayan gyara, ya bar mini wayarsa in yi caji. Wata rana don tsokana na sa masa gem ɗin nan da ake sayen akwalar mota a gyara a sayar. Na nuna masa, ya ɗaga wayar nesa da ido, ya taɓe baki.

"Wanga ba kanikanci ba ne," in ji shi. "Dibi noti shina kwancewa babu guduma, babu zagi. Ina tsatsa? Kuma mai motar bai tsaya bisa kanka shina tambayar yaushe za ka ƙare ba."

Na ce to bari in cire. Ya ce in bari, ba ya son ɓarna.

Mako na zagayowa ya riga ya tayar da mota biyu. Gilashin wayar duk baƙin mai, don yatsun Kawu sabulu ya daɗe da sallama musu. Daga nan kasuwa ba ta ci sai ya zauna a bencina ya nuna mini aikin mako: wannan lagireto ne ya fashe, wannan giya ce ba ta shiga, waccan farar a-kori-kura ita ce ta fari, ita ta fi ba shi wuya. Ina sauraro ina lissafin mutanen da ke jira a bayansa, amma kawu ne, wa ya isa ya katse shi?

A mota ta bakwai garejin gem ɗin ya cika. Ba a sayen wata sai an sayar da ɗaya. Ya zo ransa a ɓace kamar an taka masa sifana, wai gem ya lalace. Na ce, "Kawu, ai haka wasan yake. A gyara, a sayar, a sayo wata."

"Ba ni saidawa."

"Ai ba motar gaske ba ce."

"Na sani, ni ba yaro ba ne." Ya goge gilashin da bakin riga. "Shekara talatin da wani abu ina gyaran mota. Ranad da tat tashi, ranan mai ita ka zuwa shi ɗauke. Ko keke ban taɓa ajewa ba in ce nawa na. Waɗanga kam sai su zauna. Ka nemo man wani irinai da ba a tilasta mutum saidawa. Amma kak ka taɓa man motoci."

Na ce an gama. Ɗaliban jami'a na Aliero su ne malamaina a wannan fanni, in sun zo hawa mota sukan biyo ta rumfata. Kowa da nasa gwanin. Cikin mako biyu na tara guda biyar a kwamfuta, ranar kasuwa na zaunar da Kawu na shiga talla.

Na fara da na tuƙin babbar mota, a ɗauki kaya daga gari zuwa gari. Na ce masa kamar lodin albasa daga Aliero ne. Ya ce shi bai ga rami ko ɗaya a titin ba, kuma direbobi ya san su sarai, ba ya sha'awar zama ɗaya. Na wankin mota ko kallo bai ishe shi ba, wai da girmansa. Akwai na tarakta da noma, ya ɗan tsaya a kai, sannan ya ce in tura wa manoman ƙauyen Gumbin Kure. Na farfasa tsofaffin motoci a sayar da ƙarfe kuwa har istigifari ya yi, ya ce wannan aikin mahauta ne. Na ƙarshen shi ya kama shi: mota ɗaya tak ake ba ka, gangar jiki babu komai, kai za ka haɗa ta noti bayan noti, in ta tashi taka ce, ka hau ka zaga gari. Ya ce, "Wanga shi. Zuba." Ya tafi sallar azahar.

Ranar kasuwa ce, mutum biyar a kaina, wata tana neman fim kashi na uku, wani yana rantsuwa ba batirinsa na ba shi ba. Wayar Kawu ta ce babu wuri. Wallahi ban yi tunani ba. Na duba abin da ya fi cin wuri, na danna, na zuba sabon. Sai da na ajiye wayar na ga tabon baƙin mai a gilashin, na gane gem ɗin Kawu na goge, da motocinsa bakwai.

Da ya dawo na yi masa ƙarya. Na ce wayar na buƙatar gyara, sai ta kwana bakwai a wurina. Na ba shi wata 'yar waya rakani-kashi ya riƙe. Ya karɓa, ya tafi.

Makon nan ban yi ciniki na kirki ba. Na goge sabon, na mayar da tsohon gem, na shiga neman motocin ɗaya bayan ɗaya, da ma na haddace su tsabar nuni. Ni ban san kafireta daga fulogi ba, saboda haka duk abin da gem ɗin ya nuna ja sai in cire in sa sabo. Na fesa fenti yadda na tuna. Da na jera su bakwai har burge kaina na yi, sun ma fi nasa ƙyalli. Ban jira ranar kasuwa ba, na hau mota na kai masa Maiyama da hantsi.

Na same shi ƙarƙashin bishiyar dogon yaro yana wanke hannu da fetur, ya gama da motar wani malamin makaranta da ke tsaye yana jira. Na gaishe shi na miƙa wayar. Ya buɗe, ya bi motocin da kallo, ya shiga farar a-kori-kura, ya ɗaga murfin injin. Bai yi minti ɗaya ba.

"Duk sabbin kaya kaz zuba," ya ce. "Ni ban jefad da abin da ka gyaruwa. Wagga da tsohon sitiyarinta nib bar ta."

Kunya ta rufe ni. Na faɗa masa komai, na ba shi haƙuri, na ce ga nawa nan a madadi.

"Ka yi ƙoƙari, ɗana. Aikin bai yi muni ba, ga wanda bai iya ba." Har ya ɗan yi dariya. "Amma ba nawa ne ba. Ni kuwa ban aje motar mutane garejina in an ƙare gyara."

Sai ya shiga sayar da su. Yana danna wurin sayarwa yana kawar da fuska wajen titi, ya juyo, ya danna ta gaba, ya sake kawar da kai. Na ɗauka hasken rana ne ke damun idonsa. A kan farar ya ɗan daɗe, sannan ita ma ta tafi. Ya sayi wata akwala mai taya uku, ya sa wayar a aljihu, ya ce sabon gem ɗin ya jira tukuna.

Malamin makarantar ya karɓi makullinsa, ya yi godiya, ya tayar da mota. Injin na kaɗawa lafiya lau, ko tari babu. Tun ina ƙarami nake zuwa garejin nan, sai ranar na lura: motar na hawa titi, Kawu ya juya mata baya yana tattara sifanu, bai ɗago ba sai da ƙararta ta ɓace.