Fangalin Malam a Bayan Gida

Ni 'yar cikin birnin Kano ce. Ubana ɗan koli ne, uwata ɗinkin hula take yi. Har na girma na yi aure ban taɓa riƙe fartanya ba, ban kuma taɓa jin sha'awar riƙe ta ba. Alayyafo a kan faranti na san shi, idan mai talla ta sauke a zaure. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya zaci labarin mai son shuke-shuke zan ba shi.

Mijina direba ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Malam nake kiransa. Mutumin arewacin Katsina ne, inda ake lallashin ruwa kafin ya sauko. A Kuje muka zauna, kusa da Abuja, a gida mai ɗaki uku da ya gina da kaɗan-kaɗan, da fili a baya wanda bai samu ya gina ba. A filin nan ya haƙa rijiya. Shekarun da mulkin farar hula ya dawo ne, wayar salula ta shigo, manyan motocin yashi na zirya daga safe har magariba. Duk inda ka bar ciyawa ka yi wata uku, ka dawo sai ka tarar da bulo. Shi kuwa Malam, duk rani, idan ya taso daga aiki sai ya tuɓe riga ya shiga filin. Ya yi fangali shida, wato 'yan kwaruruka masu kusurwa huɗu da aka ɗaga musu baki da ƙasa, yadda idan ka zuba ruwa zai kwanta a ciki ba zai gudu ba. Ya jawo guga ya juye. Ni daga taga nake ganinsa, ban taɓa tambayarsa komai ba.

Ya rasu a ƙarshen rani, ciwon kwana huɗu, a asibiti a Gwagwalada. Ban yi kuka ba. Mata masu gaisuwa suka yi ta satar kallona, na kuwa san abin da suke faɗa a hanya. Ba taurin zuciya ba ne. Kun san yadda ƙafa take yi idan an daɗe a zaune a kanta? To haka jikina duka ya yi. Ina cin abinci, ina salla, ina amsa gaisuwa. Tumatirin Malam ya bushe ina kallo ta taga, rijiya ga ta nan taku ashirin, ban zuba masa ko kofi ɗaya ba.

Ranar sadakar arba'in yayan Malam ya zo. Yana da shagon yadi a cikin gari, ni ma Yaya nake ce masa. 'Ya'yana biyu ne, duk mata, ɗaya tana aure a Zariya, ɗaya tana jami'a. Saboda haka Yaya yana da rabo a gado. Wannan shari'a ce, ban ja ba. Da mutane suka ragu, ya zauna a falo tare da limamin unguwa ya ce a kira ni.

"Wannan kangon na baya," in ji shi, "akwai wani injiniya da yake so. Bene zai ɗora."

Na ce, "Rijiyar fa, Yaya?"

"Wace rijiya kuma a Abuja? Ruwan famfo yana nan tafe."

"Tun da muka tare ake cewa yana tafe. Ko da rarrafe yake zuwa ai da ya iso."

Liman ya yi gyaran murya. Yaya ya ce fili ba ya zama haka kawai a garin nan, in ba mu sayar ba wani zai wayi gari ya kafa harsashi a kai, mu yi ta yawon ofis. Gaskiya ya faɗa. Amma ni abin da na gani shi ne bene mai hawa uku yana leƙen tsakar gidana, da ni a bakin ƙofa ina jiran mai kura ya kawo min ruwa, bayan mijina ya haƙa min rijiya da hannunsa. Sai na ji bakina ya ce, "Ba kango ba ne. Lambu ne. Nomawa nake yi."

Yaya ya tashi ya leƙa ta taga. Ya daɗe yana kallon busassun kara.

"Ke? Ke da ba ki san ko barkono a sama yake ko a ƙasa ba?"

"Ni."

"To, Liman shaida ne. Na ba ki daminar nan. Idan ruwa ya ɗauke zan dawo. Na tarar da lambu, na bar miki, har rabona ki ci. Na tarar da ciyawa, da injiniya zan zo, kuma kada a ce na zalunci marayu."

Haka na zama mai lambu, da ƙarya a gaban liman.

Iri na samu a cikin gwangwanin madara a ɗakin Malam, kowanne a ƙulle a leda, ya rubuta suna a 'yar takarda. Da a ce shekara biyar baya ne da sai na nemi mai karanta min, don sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci. Na karanta da kaina: alayyafo, yakuwa, kuɓewa. Ruwa ya riga ya sauka. Na tuge busasshen tumatir, na gyara bakin kowane fangali daidai yadda ya bar shi, na watsa iri a ciki. Abin da na ga yana yi ke nan.

Matsalata ba aikin ba ce. Fita ce. Ina cikin takaba, ba inda nake zuwa, yini yakan wuce ina zaune a gefen gado ban san ya wuce ba. Nakan ce gobe, goben ta zo in ce gobe. Da na ga haka sai na ɗauki butar alwala na kai ta bakin rijiya na bar ta a can. Salla dai ba zan bari ba. Sau biyar a rana dole in taka filin nan. Na sa wa kaina doka, duk alwala, in zan koma, sai na cire ciyawa cikin hannu ɗaya. Hannu ɗaya kawai. Ba na ƙarawa, ba na ragewa. Ban ji daɗinsa ba ko sau ɗaya, kamar shan magani ne.

Alayyafo ya tsiro, ƙanana kamar an yayyafa kore. Kwana uku bayan nan aka yi ruwa irin na Abuja, wanda yake zuba kamar da gayya. Da safe na fita na tarar da tafki shida. Ruwan ya kwana biyu bai tsotse ba. Da ya janye ba komai sai laka. Na tsaya na duba, na koma na sake ɗauko gwangwani, na sake watsawa. Aka sake yin ruwa. Wannan karon har da kwaɗi.

Maƙwabciyata ta bayan katanga 'yar Gbagyi ce, ta girme ni nesa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Tun kafin a san za a yi Abuja suke wurin. Mama nake ce mata. Ita kuma Hajiya take ce min, ko da yake ban taɓa zuwa Makka ba, amma a garin nan duk mace mai mayafi Hajiya ce. Katangar gajeriya ce, ta wani wajen ma ta rushe. Ashe duk abin nan tana kallona. Ranar da na fito da gwangwani karo na uku sai na ji murya.

"Hajiya, kifi kake kiwo?"

Haka Hausarta take, kowa namiji ne a bakinta. Na ce mata alayyafo nake shukawa.

"A cikin kwano? Kai, Hajiya. Wannan aiki na rani ne. Oga naka bai taɓa yi da damina ba. Ka taɓa gani?"

Na yi tunani. Ban taɓa gani ba. Da ruwa ya sauka Malam yakan rataye guga, sai kaka ta wuce ya koma. Shekara tara ina kallonsa ta taga, ban lura ba.

"Can wurin ku ruwa ba ya so ya zo, kuna yi masa gida ya zauna," in ji ta. "Nan ruwa ya yi yawa. Kora shi ake yi. Ka fasa wannan abu duka, ka tada ƙasa sama."

"In fasa?"

"Duka. Ka yi hanya ruwa ya wuce."

Na ce mata na ji, na gode. Na shige gida. Na yi mako guda ina fita alwala ina cire ciyawa hannu ɗaya ina dawowa, ban taɓa fangalin ba. Ba zan ce tausayi ba ne, ko kewa, don ban ji su ba. Kawai dai kayan sawarsa an raba, motar ofis an zo an ɗauka, takalmansa an ba masu gadi. Abin da ya rage a yadda ya bar shi, bakin ƙasar nan ne da ya daddaɓe da tafin hannu. Idan na tsaya a kansa ba na jin komai, amma kuma hannuna ba ya ɗaguwa.

Ranar Asabar Mama ta miƙo galma ta saman katanga. Ba ta tambaye ni ba.

"Wata nawa ya rage, mai gemu ya dawo?"

Yaya take nufi. Ban san ta san zancen ba. A Kuje ba a ɓoye komai. Na ce uku.

"To kana so ka ajiye kwano, ko kana so ka ajiye rijiya? Injiniya idan ya zo, kwana ɗaya, duka biyu babu."

Na karɓi galmar. Nauyinta ya ba ni mamaki. Sara na farko a bakin fangalin da ke kusa da rijiya na yi shi. Ƙasar ta jiƙe, ta ba da kai ba gardama. Na jira in ji wani abu a ƙirjina. Shiru. Na sake sara. Mama tana jingine da katanga tana ba da umarni kamar ɗan kwangila.

"Ba haka ba! Ja wajenka. Hajiya, ba tuwo kake tuƙawa ba. Lanƙwasa baya!"

"Mama, bayan nawa ne ko naki?"

"Naka ne, shi ya sa ban ji ciwo ba."

Kwana huɗu na yi. Tafin hannuna ya yi ƙurji ya fashe, na ɗaure da tsumma. Na fitar da kunya tara, karkatattu, kowacce da inda ta nufa, da kwari a tsakaninsu mai gangarawa wajen lambatu. Irin Malam ya kusa ƙarewa, kuɓewa ce kaɗai ta rage da 'yar yakuwa. Mama ta cire min dashen alayyafo daga nata, ta ƙara da wani ganye mai yaɗo da ban san shi ba, ta ce in kafa masa sanda. Aka yi ruwa. Na fita da safe, ruwan ya bi kwari ya tafi abinsa, kunyoyin suna tsaye.

Daga nan ba wani abin labari. Na fita takaba, mata suka zo, aka yi abin da ake yi. Butar ta ci gaba da zama a bakin rijiya. Fara ta ci rabin alayyafo, na barbaɗa toka kamar yadda aka ce min. Akuyar wani ta shigo ta inda katanga ta rushe, na bi ta da muciya har ƙofar gidan mai ita, na gaya masa abin da ya sawwaƙa. 'Yata ta jami'a ta zo hutu ta ce, "Umma, kin ga yadda ya yi kyau? Ba ki jin daɗi?" Na ce mata ta ɗauko kwarya ta tsinki kuɓewa kafin ta ƙosa. Na yi miya da ita. Miya ce.

Yaya ya zo bayan ruwa ya ɗauke da mako biyu, shi kaɗai. Bai zauna ba, ya ce mu je baya. Ya ɗage babbar riga yana bi tsakanin kunyoyi. Yakuwa ta kai min ƙugu. Kuɓewa ta fara tsufa. Wajen katanga akwai ciyawar da ban kai gare ta ba, ya tsaya a kanta ya daɗe, na ce a raina to, ga abin da zai kama.

"Wa ya yi miki?"

Na buɗe masa tafin hannuna. Ya duba, ya kawar da kai.

"Ina fangalin ƙanina?"

"Na fasa."

"Tun muna yara ya iya su," in ji shi. "Babanmu ne ya koya mana. Ni ban iya ba." Ya sa gefen hula ya goge ido. Na tsaya ina jira ya gama. Na so a ce ni ma abin ya zo min, amma bai zo ba.

"Wannan kunyar kuma, kamar maciji ya bi ta."

"Ba ka ce miƙaƙƙiya ba, Yaya. Lambu ka ce."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Zan gaya wa Liman. Injiniya ya nemi wani wurin." Ya juya zai tafi, ya sake tsayawa. "Yayarki, uwargidana, tana son yakuwa."

Na shiga na ɗauko wuƙa, na yanka masa dami guda, na ɗaure da bawon rama. Ya sa a bayan mota ya tafi. Na dawo na tarar da Mama a katanga tana jiran labari. Na ce mata an bar min. Ta ɗaga hannu sama tana godiya da yarensu, ta fi ni murna. Sannan ta ce rani ya zo, in dai ina son ganye ya ci gaba, sai in baje kunyoyin nan in sake yin kwano, ita kuma wannan ba ta iya ba, sai dai in tuna da kaina.

Na ce to. La'asar ta yi, na jawo ruwa.