Waken da tsutsa ta ƙi

Shekarun baya, wani abokina da ke fatauci tsakanin unguwar Roumdé Adjia da ƙetaren iyaka ya kawo mini irin wake a ƙulle cikin leda. Ya ce masana ne suka gyara ƙwayar halittarsa, tsutsa ba ta taɓa shi a gona. Ni da ban taɓa noma abin kirki ba, nan take na ji na zama babban manomi. Na shuka shi a ɗan filinmu na hanyar Guider, kowa na haɗu da shi sai ya sha lacca.

Kuma waken bai ba ni kunya ba. Maƙwabta na ta fama da feshi, nawa kuwa ya yi 'ya'ya dam. Ranar da na shigo da buhuna gida, don murna ko sallama ban ƙarasa ba.

Mahaifiyata ta dube shi daga nesa. "Wannan ne na laboratuwa ɗin, ɗakin binciken masanan nan? Abin da tsutsa ta ƙi, ni ce zan ci? Ba a tukunyata ba."

"Inna, ki ɗanɗana mana!"

"Useko, na gode. Kai dai ka zuba masa toka kafin ka ajiye."

Maganarta ta yi mini ciwo, don burina duka bai wuce ta ci abin da na noma da hannuna ba. Toka kuma na ƙi zubawa. Ai waken zamani ne, ina ruwansa da toka?

Bayan 'yan watanni na kwance buhun, sai ga ƙwari suna ta shagali, sun huda wake ta ko'ina. Ashe tsutsar gona daban, ƙwaron ajiya daban. Na tsaya kamar in yi kuka.

Inna ta leƙa, ta ɗebo a tafin hannu, sai ta fashe da dariya. "Kai, ashe abinci ne! Ga shi masu rai suna ci. Miƙo mini faifai."

Ta shanya, ta tsince, washegari ta soya ƙosai har ta aika wa maƙwabta, tana cewa noman ɗanta ne.

Har yau in na tuna sai daɗi ya kama ni. Duk laccar da na yi ba ta shawo kanta ba, sai da ƙwari suka ba da shaida. Rabin buhu na rasa, amma a gabana Inna ta cinye ƙosai biyar.