Kakana Masunci Ne

A Zangon Kwatano akwai wani shagon littattafai kusa da masallaci, inda nakan zauna bayan la'asar idan na taso daga aiki. Mai shagon dattijo ne, ya ajiye benci a ƙofa, duk mai magana ya zauna ya yi, amma ba a katse kowa.

Wata rana wani mai fataucin shanu daga arewa ya ji na ce zan ɗauko yarana daga lakwal, wato makaranta. Ya yi dariya, ya ce Hausarmu ta Kwatano ta sha ruwan gishiri. Raina ya ɓaci. Na ce masa kakana daga Kano ya zo da fataken goro, babu mai koya mini Hausa.

Dattijon ya ajiye littafin da yake kakkaɓewa.

"Wa ya gaya maka haka?"

"Haka na tashi na ji, Baba."

"Na san kakanka. Masunci ne daga ƙauyukan kan ruwa. Da ya shigo Zango ko sannu bai iya ba. Dako ya yi wa wani Bakano mai goro, ya musulunta a hannunsa, daga baya ya auri 'yarsa."

Ina da furfura a gemu, ga yara, amma ban san wanda ya haifi ubana ba. Na sunkuyar da kai ina jiran mai shanun ya ƙarasa ni.

Bai yi dariya ba. Ya ce shi ma uwarsa Bafulatana ce, har ta rasu Hausarta ba ta miƙe ba. Wani direba da ke gefe ya tambaya, to me ke sa mutum ya zama Bahaushe, jini ne ko baki ko zama da mutane? Aka yi ta juya maganar a hankali har aka kira magariba. Ba su daidaita ba. Ni dai ina zaune, kuma ba wanda ya dube ni da tausayi ko da raini.

Washegari na je unguwar Agontinkon wurin ƙanwar mahaifina, na gaya mata abin da na ji.

"Gwaggo, da gaske ne?"

Ta ce gaskiya ne, yayyensu ne suka binne zancen don kada a yi musu gori a Zango. Ta ce har kakana ya tsufa, in ya ga ɗanyen kifi a kasuwa yakan faɗi inda aka kamo shi. Sai ta ƙara da cewa jikokin ƙanensa suna nan a ƙauyen, suna su har yanzu.

Da damina ta wuce na shiga kwalekwale na je. Sai da aka nemo mana tafinta kafin muka gaisa.